Ranar da Jirgin Alhaji Ya Ka da Ni

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abin da ke kaina, da ranar da wani inji ya ka da ni a gaban surukina, da ganga da komai. Mutanen Filinge ma ba su manta ba. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, kafin ku ji shi a kasuwa, inda kowace shekara ake ƙara masa gishiri.

Ni malamin tarihi ne da labarin ƙasa a wani kolej a garin. Mushe ake ce mini, kamar kowane malamin lakwal, wato makarantar boko. Na san sunayen manyan kogunan duniya, na san inda kowanne ya taso da inda ya faɗa teku, amma ban taɓa sa ƙafa cikin kwalekwale ba. Wannan kam ba laifina ba ne, ƙasarmu ta Kurfai ba ta da kogi. Muna zaune a bakin wani kwari da masana suka ce da can can ruwa ne ke gudu a cikinsa, yau kuwa sai gero da shanu da 'yan tabkunan damina.

Surukina, Alhaji Bube, ɗan kasuwa ne mai kawo kayan gwanjo daga Kwatano. Wata shekara, cikin tarkacen da ya saro, aka sami wani dogon ƙarfe mai 'yar kujera da ke zamewa gaba da baya a kan ƙananan tayoyi. Yana da wurin ɗaure ƙafafu, da sarƙa mai mariƙi, da fanka a gaba, da ɗan allo kamar na salula. Wasu suka ce injin ban ruwa ne, wasu suka ce na sussukar hatsi ne da ya rasa rabinsa. Ya daɗe a ƙofar shago ba wanda ya taya, awaki na shan inuwa a gefensa. Da Alhaji ya gaji da ganinsa sai ya aiko da shi lakwal a kan amalanke, wai 'yan boko su san yadda za su yi da shi.

Ni na bincika a waya na gano ko mene ne. Injin tuƙi ne. Ka zauna, ka ɗaure ƙafafu, ka ja mariƙin kamar mai tuƙa jirgin ruwa, allon kuma ya nuna maka nisan da ka ci, alhali kana nan inda kake. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ashe wasa ne sosai, har gasa ake yi a kansa a cikin ɗaki, da alƙalai da dokoki. Direktan lakwal ya ba mu wani ajin da ba a amfani da shi, muka ajiye injin. Kafin mako ya zagayo yara sun raɗa masa suna jirgin Alhaji.

Da yamma mutanen gari suka fara leƙowa. Cikinsu akwai Haruna.

Duk wanda ya san kokowa a ƙasar nan ya san Haruna. Daga wajen Bonkuku ya fito, kuma a zamaninsa, in makaɗi ya buga takensa, har masu sayar da goro barin tire suke yi su nufi fili. Sai wata faɗuwa ta taɓa masa ido. Likita ya gaya masa gaskiya: in ya sake shan irin wannan kayen, zai iya rasa ganinsa gaba ɗaya. Ya bar kokowa yana tsakiyar ƙarfinsa, ya koma sayar da harawa a kasuwar dabbobi. Na sha ganinsa, in aka fara kiɗan 'yan kokowa a gari, ya tattara kayansa ya bi wata hanya. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai.

Ranar da ya fara hawa jirgin, fankar ta yi wani irin gurnani da ba mu taɓa ji ba. Ya sauko jiƙe da zufa, yana haki yana murmushi, ya ce, "Mushe, wanga abu ba shi ka da mutum, ko?" Na ce ba ya ka da kowa. (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.) Tun daga ranar bai sake fashi ba. Da na ba shi labarin cewa za a yi gasar irin wannan wasan a Yamai bayan kaka, sai ya ce, "In da hali, ina son in sake jin an kira sunana cikin lasifika." Iyakar abin da ya roƙa ke nan.

Sai dai gasar ba ta karɓar mutum haka kawai. Dole ya fito daga kulob ɗin da hukuma ta amince da shi, mai dokoki a rubuce, mai biro, wato shugabannin da ke tafiyar da shi. Sai ofishin wasanni na jiha ya turo wani ya gani da idonsa kafin a buga hatimi. To, a nan ne Allah ya haɗa ni da abin da nake so. Wani yana son ƙwallo, wani yana son dara, ni kuwa tun ina ɗalibi ba abin da ke faranta mini rai kamar taro da tsara dokoki. Na ce wa Haruna ya bar komai a hannuna.

Na zauna na rubuta dokoki masu kyau, wallahi har yau ina ganin kyansu. Wadda na fi alfahari da ita ita ce mai cewa ɗan biro ba ya shiga gasa. Na ga yadda rigima ke tashi a filin kokowa in alƙali yana da ɗan'uwa a ciki, don haka na ce mu za mu raba mai hukunci da mai wasa tun daga tushe. Na karanta ta a taro da murya mai ƙarfi, aka tafa mini.

Sai rabon muƙamai. Wanda bai san garinmu ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. A nan ba a kafa ƙungiya a bar mutum mai gemu yana zaune ba a kira shi da komai ba. In ka ba wannan unguwa sakatare, dole waccan ta sami mataimakin sakatare. In 'yan kasuwa sun sami ma'aji, malaman lakwal sai an ba su mai binciken ma'aji. Ni na zama shugaba (an matsa mini, kodayake ban bari an daɗe ana matsawa ba). Alhaji Bube, mai jirgi, ya zama shugaban girmamawa. Duk wanda yake zuwa yana ja da yamma na ga ya kamata a saka masa, kuma abin da na iya sakawa da shi ke nan, muƙami. Muka yi mai kula da hulɗa da waje, mai kula da yaɗa labarai, har da mai kula da sulhu, tun ba a yi faɗan ba.

Haruna kuwa na ware masa babba, direktan fasaha. Da na faɗa a taro sai ya sosa ƙeya ya ce, "Mushe, ni dai ja nika so in yi." Na ce masa ai mutum irinsa ya wuce a bar shi ba kujera, mutane za su ce mun raina shi. Ya dube ni, ya karɓa, don ba ya musu da malami. A raina na ɗauka girma na ba shi. Ko sau ɗaya ban haɗa wannan muƙamin da dokar da aka tafa mini a kanta ba, kamar ba kai ɗaya ne ya haifi abubuwan biyu ba.

Ni kaina fa ban taɓa hawa jirgin ba. Kullum ina cewa gobe. Ina tsaye a gefe da takardu a hammata, ina ba da shawara a kan yadda ake ja, daga abin da na gani a waya.

Ranar zuwan wakilin ofishin wasanni ta faɗo tsakiyar damina, cikin babban hutu. 'Yan lakwal duk sun watse ƙauyuka noma, wasu Sanam, wasu can cikin Kurfai. Ban damu ba, don a zatona biro za a zo gani da takardu. Muka share ajin, muka jera kujeru, muka sa jirgin a tsakiya an goge shi yana ƙyalli. Na ɗauko Tanko, tsohon makaɗin 'yan kokowa, don a garinmu taron wasa ba ganga kamar miya ce ba gishiri. Na sa babbar rigata ta shadda, wadda ta sha bugu har tana iya tsayuwa da kanta. Saboda zafi ban sa 'yar ciki ba, na bar wata tsohuwar singileti mai huji a daidai tumbi. Maiɗakina ta gani ta ce in canza, na ce wa zai leƙa ƙarƙashin rigar shugaba.

Wadda aka turo mace ce, Madam Haisa, Bazabarma daga Tillaberi, ba ta da yawan magana. Ta gaida Alhaji da ladabi, ta zauna, ta saurari jawabina har ƙarshe (wannan kaɗai ya isa a yaba mata). Na gabatar da 'yan biro ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe cikin rigarsa ta Sallah ya ɗan rusuna. Ta duba dokoki tana gyaɗa kai, har ta ce dokar raba ɗan biro da ɗan wasa ta yi ma'ana. Na ji kaina ya ƙara girma cikin hula.

Sai ta rufe takardun ta ce, "To, Mushe, na ga shugabanni. Ina 'yan wasa?"

Na buɗe baki in nuna Haruna, hannuna ya tsaya a hanya. Yana zaune a sahun gaba da hula da doguwar riga, direktan fasaha. Na dubi na kusa da shi, ma'aji. Na gaba, mai sulhu. Na bi ɗakin da ido har bango, duk wanda ya taɓa riƙe mariƙin nan na riga na naɗa shi wani abu. Banda Madam da direbanta, mutum ɗaya ne a ɗakin ba shi da muƙami, shi ne Tanko mai ganga.

Na ce yara sun tafi noma. Ta ce ta gane, amma ba za ta iya rubuta cewa ta ga wasa ba alhali ba ta gani ba. "Ko nuni ne a yi mini," in ji ta, "in ga yadda abin yake. Ba gasa ba ce, dokarku ba ta hana ba."

A nan ne ya kamata in ce Haruna ya tashi. Kowane mai hankali abin da zai yi ke nan. Amma ido ya yi mini yawa, ga surukina a zaune, ga kunyar tambayar da na kasa amsawa tana cina, sai wani abu ya raɗa mini cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaba ne ya jawo, shugaba zai gyara. Na ce, "Ni da kaina zan nuna." Na ga Haruna ya ɗan ɗaga hannu kamar zai yi magana, na yi kamar ban gani ba.

Tuɓe riga kuwa ba ta taso ba. Yaya za a yi in tuɓe a gaban Alhaji, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, wanda in na hango shi a hanya nake cire takalmi? Balle ga abin da na san yana ƙarƙashi. Na tattare rigar a kafaɗa, na zauna, aka ɗaure mini ƙafafu tamau. Tanko ya fara kiɗa a hankali.

Ja na farko lafiya. Na biyu ma lafiya, har na ji wani yana cewa ashe Mushe ya iya. Wannan yabon ne ya ƙarasa ni. Na tattara duk ƙarfin da alli ya bar mini na fizga, rigar ta zame daga kafaɗa, gefenta ya shige ƙarƙashin kujerar, tayoyin suka naɗe shi. Kujera ta tsaya cak, ni kuwa ban tsaya ba. Na wuce ta baya na sauka, bayana ya bugi siminti, ƙafafuna na nan a ɗaure a sama, rigar ta shaƙe mini wuya ta rufe mini rabin fuska. Hulata ta gangara, ta bi ta tsakanin kujeru, ba ta tsaya ko'ina ba sai a kan ƙafar Alhaji.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Tanko ya yi shekara da shekaru yana kiɗa a filin kokowa, kuma a can, da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa, hannun makaɗi ba ya jiran izinin kansa. Sai kawai ya juya kiɗan zuwa na kaye, irin wanda ake yi wa wanda ya yi nasara. Yaran unguwa da ke leƙe ta taga suka amsa da ihu kamar yadda suka saba. A ɗakin kuwa mu biyu ne a fili, ni da jirgi, kuma kowa ya ga wanda ke ƙasa.

Aka yi aka yi rigar ta fito, ta ƙi. Mai kula da sulhu ya ja, ma'aji ya ja, shaddar ta ƙara cusawa. A ƙarshe aka ce ba dabara sai in zame in fita daga cikinta. Haka na fito ta ƙasa, da rarrafe, daga ni sai wando da singiletin nan, tumbina yana leƙowa ta huji. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ba ta tsage ba. Da na saci kallon Alhaji sai na ga ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, yana duban taswirar da nake koyarwa da ita. Alhaji bai yi boko ba, amma ya ƙura wa kogin Kwara ido kamar zai ba da jarrabawa a kansa. Hular tawa na nan a kan ƙafarsa, bai motsa ba, don kada ya nuna ya san ta zo.

Haruna ne ya cire doguwar rigarsa ya yafa mini. Sannan ya cire hularsa ya ajiye a kan teburin Madam ya ce, "Madam, ni na sauka. Ban iya direkta ba." Ya sa wuƙa ya yanke abin da ya saura na rigata daga tayoyin, ya zauna, ya ɗaure ƙafafunsa. Tanko ya dube shi, ya gyara ratayar ganga, ya buga tsohon takensa na kokowa, wanda gari ya daɗe bai ji ba. Haruna bai tashi ya bi wata hanya ba wannan karon. Ya ja. Ba ka jin komai a ɗakin sai fanka da ganga. Ina tsugune a gefe cikin rigar wani, na ji hawaye sun zo mini, kuma ba na kunyar kaina ba ne.

Da ya gama, Madam ta daɗe tana duban allon. Ta ce, "Mu mutanen kogi ba haka muke tuƙi ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima." Sai ta juyo gare ni, muryarta ba faɗa a ciki. Ta ce bisa ga dokokin da na rubuta, ɗan biro ba ya sauka da baki, sai an kira babban taron ƙungiya, an zaɓi wani, an sake aika takardu, an sake zuwa dubawa. Ita ba za ta iya tsallake dokar da muka sa wa kanmu ba. Na ce gasar fa bayan kaka ce. Ta ce, "Kala suru, Mushe." Wato sai haƙuri.

Ba a iya tara babban taro cikin damina, kowa yana gona. Kafin a gama girbi mu taru, kafin takardu su je su dawo da hatimi, an yi gasar an watse. Haruna bai je ba. Na je har kasuwar dabbobi in ba shi haƙuri, ya ba ni wurin zama a kan dami, ya sayo mini shayi, ya ce ai komai da lokacinsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da shekara ta zagayo ya tafi, a matsayin ɗan wasan kulob mai rajista. Tanko ya raka shi tasha da ganga. Ya dawo ba kofi, yara masu jini a jika sun sha gabansa. Na tarye shi na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce sun kira sunansa cikin lasifika, da sunan garinmu, har sau biyu, kuma ya ji daɗi. Muka ɗan taka sai ya ce, "Numfashin dai ya fara raguwa, Mushe. Da bara ce..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba. Wannan rabin maganar ta fi faɗuwar siminti yi mini ciwo, har yau.

Alhaji kuwa bai taɓa ta da zancen ba, kuma na san ba zai tayar ba har abada. Sai dai da Sallah ta zo ya aiko wa 'yarsa da ƙunshi, ya ce ta ba maigidanta. Muka kwance, 'yar guntuwar riga ce mai gajeren hannu, da sababbin singileti guda biyu. Maiɗakina ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Kulob ɗin na nan. Biro ya ragu zuwa 'yan tsiraru, Haruna ke koyar da yara ba tare da an kira shi komai ba, ni kuma na sauka daga shugabanci bisa ga doka, da babban taro da komai. Yanzu nakan hau jirgin da yamma cikin rigar da Alhaji ya aiko mini, ina ja a hankali, yara na yi mini ƙidaya. Duk taron da aka gayyace ni aka ce za a kafa ƙungiya, kafin a fara rabon muƙamai nakan ɗaga hannu in tambaya wa zai yi aikin, a bar mana shi ba muƙami. Wasu na cewa Mushe ya yi hankali. Tanko kuwa, in mun haɗu a hanya, har yanzu sai ya ɗan taɓa gangarsa ya tambaye ni ya jikin abokin karawata.